Yadda Unguwa Za Ta Yanke Shawara Idan Aka Nemi Sauya wa Filinta Suna Don Karrama Masu Taimako

Yawanci ga yadda abin yake farawa. Filin unguwa ya yi shekaru a yashe, ya zama juji da mafakar 'yan shaye-shaye. Sai wata ƙungiya, ko ta 'yan kasuwa ko ta tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan asalin unguwar da ke zaune a ƙasashen waje, ta zo ta kwashe bola, ta dasa darbejiya, ta kafa fitilun sola da lilon yara, ta haƙa rijiyar burtsatse. Kowa ya sa albarka. Ana gab da bikin buɗewa sai wani ya miƙe ya ce ai yaba kyauta tukwici, ya kamata a sa wa filin sunan ƙungiyar. Kafin mako ya zagayo unguwa ta dare biyu: masu cewa rashin godiya ne a hana, da masu cewa an sayar da sunan kaka da kakanni a kan lilo da fitila.

Wannan bayani na wanda nauyin sasantawa ya faɗo wa ne, ko mai unguwa ne, ko shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, ko liman, ko kansila. A nawa ganin abubuwa uku ne ake cakuɗawa a irin wannan taƙaddama: godiya, da suna, da iko da fili. In kun ware su tun da wuri, kowanne ya sami tasa amsar, da wuya a kai ga cin mutunci.

Mataki na 1: A jingine maganar allo

Kafin komai, ku roƙi kowane ɓangare kada ya taɓa allo, kada ya buga fosta, kada ya je rediyo. Da zarar an kafa allo da sabon suna, cire shi ya zama tozarta masu taimako a bainar jama'a. In kuma matasa suka riga ku suka goge shi da fenti cikin dare, to maganar ta bar hannunku ta koma ofishin 'yan sanda. Ku sa wa'adi, a ce kwana 30, ku sanar a masallatai da coci-coci da zauren WhatsApp na unguwa cewa har wa'adin ya cika filin yana nan da sunansa. Bikin buɗewa kuwa ana iya yin sa ba tare da an taɓa suna ba.

Mataki na 2: Ku gano filin na wane ne, kuma wa doka ta ba ikon raɗa masa suna

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke mayar da hannun agogo baya. Ana iya kwashe wata biyu ana muhawara, a kaɗa ƙuri'a, a yi addu'a, sai daga baya a gane ashe duk wanda ya zauna a taron ba shi da hurumin sauya ko harafi ɗaya.

A Najeriya, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, da kuma sa wa hanyoyi da tituna suna da ba gidaje lamba. Saboda haka ƙofar farko da za ku ƙwanƙwasa ita ce ta sakatariyar ƙaramar hukuma. Amma kada ku tsaya a nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun gwamna, shi ya sa filaye da yawa suke ƙarƙashin ma'aikatar ƙasa ko hukumar tsara birane ta jiha, irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Wani filin kuma na makarantar firamare ne, wani na masarauta, wani waƙafi ne da wani bawan Allah ya bari. In waƙafi ne, sharaɗin mai waƙafin yana gaba da ra'ayin kowa, sai a nemo magadansa da malamin da ya san hukuncin. A Jamhuriyar Nijar kuwa ofishin magajin gari za a fara dosa.

Ku tura mutum biyu da wasiƙa, a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu. Tambayoyin su zama uku kacal: a taswirar unguwa, me aka ware filin nan dominsa? Akwai takardar shaidar mallaka a kansa, kuma da sunan wa? Wane ofishi ne ke amincewa da sauya suna?

Me ya sa na nace a kan wannan? A ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar a jawabinsa ga 'yan ƙasa cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama kan tituna, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, domin dokar majalisa ce ta kafa jami'ar da wancan suna, kuma ba a tuntuɓi masu ita ba. Ba wanda ya ce Abiola bai cancanci karramawa ba. Duk da haka har yau sunanta Jami'ar Legas. In shugaban ƙasa bai tsallake wannan siraɗi ba, kwamitin unguwa ba zai tsallake ba.

Mataki na 3: Ku zauna da ƙungiyar a keɓe

Kada ku fara haɗa su da jama'a. Ku je mutum uku ko huɗu, ku fara da godiya ta gaskiya, sannan dattijon cikinku ya buɗe maganar a hankali: "Alhaji, Allah ya saka da alheri, aikin nan kowa ya gani. Mun ji ana maganar suna, shi ne muka ce bari mu ji daga bakinku. Buƙatarku ce, ko wasu ne suka kawo shawarar?"

Sau da yawa za ku tarar ba su ne suka nema ba. Wani ɗan kanzagi ne mai neman fada ya ƙirƙiro, su kuma kunya ta hana su cewa ba sa so. In haka ne, rabin aikinku ya ƙare a zaman nan.

In kuwa su ne suka nema, ku nemi sanin abubuwa huɗu. Nawa suka kashe, kuma a kan me? Gyara ne na lokaci ɗaya, ko za su ci gaba da biyan mai gadi da mai shara da gyaran famfon burtsatse? Suna da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kuma su wane ne amintattunsu? Akwai ɗan takara ko jam'iyya a bayansu? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi a baki, amma gara a yi ta a ɗaki da a yi ta da lasifika. Filin da ya ɗauki sunan da ke da warin siyasa, rabin unguwa za su ƙaurace masa, kuma in mulki ya juya sunan zai juya tare da shi. Jami'ar Northwest ta Kano ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, bayan 'yan shekaru aka mayar mata da sunanta na farko. Duk sauyi irin wannan kuɗin allo ne da takardu da ruɗanin adireshi.

Ku kuma tambaye su kai tsaye ko suna da niyyar katange filin, ko sa kuɗin shiga, ko gina shaguna a gefe. A biranenmu filayen wasa da dama sun bi ta wannan hanya: yau allo, gobe katanga, jibi tikiti, gata rumfunan haya. Masu adawa da sauya suna galibi wannan suke tsoro, ko da ba su iya faɗarsa a tsare ba.

Mataki na 4: Ku tono asalin tsohon sunan

Ku sa matasa biyu masu wayar ɗaukar murya su zagaya wajen tsofaffin unguwa, maza da mata. Wa ya fara kiran wurin da wannan suna? Me ake yi a cikinsa a da, dambe ne, ko sallar Idi, ko cin kasuwar dare? Akwai wanda ya ba da gonarsa aka yi filin? Ba duk tsohon suna ne ke da nauyi ba. In sunan wata lamba ce da masu awon fili suka rubuta a taswira, sauya shi ba asara ba ce. Amma in sunan wani malami ne, ko wanda ya sari unguwar, kuma jikokinsa suna nan da rai, to cire shi cin fuska ne ga gida guda, sai an je an durƙusa an nemi yardarsu kafin ma a kai maganar taro.

Sannan ku duba abin da bakin jama'a zai ɗauka. Sunan hukuma na kasuwar Sabon Gari ta Kano shi ne Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, amma tare ɗan adaidaita sahu ka ce ya kai ka can da wannan sunan ka ga yadda zai dube ka. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase har gobe Asibitin Nassarawa ne a bakin mutane. Wurin shaƙatawar nan na bakin Kogin Kaduna sunan Janar Hassan Usman Katsina ne a allonsa, amma Gamji ake ce masa. Wannan hujja ce mai amfani a gaban masu taimako: ko an ba su sunan a takarda, kwandasta ba zai kira shi ba, sai su tashi da baƙin jinin da ba su ci ribarsa ba.

Mataki na 5: Kada ku kai wa jama'a "e" ko "a'a" kaɗai

Tambaya mai amsa biyu dole ta haifar da wanda ya ci da wanda aka kayar, kuma su biyun gobe za su haɗu a sahu ɗaya a masallaci. Ku shirya zaɓi huɗu ko biyar. A bar tsohon suna, a kafa allon dutse a bakin ƙofa mai cewa ƙungiya kaza ce ta gyara filin a shekara kaza. Ko a sa sunansu a wani sashe da kuɗinsu ya gina, kamar wurin wasan yara ko rijiyar ko rumfar hutawa. Ko a haɗa biyun, tsohon suna a sama da manyan baƙaƙe, nasu a ƙasa. Ko a ba su sunan na wasu shekaru ƙayyadaddu bisa sharaɗin kula da filin. Ko a sauya baki ɗaya.

Ni dai na fi karkata ga na biyu. Abin da mutum ya gina da kuɗinsa, ba wanda zai yi gardama in an kira shi da sunansa. Filin kuwa sun same shi ne a nan.

Mataki na 6: Ku bi waɗanda ba sa zuwa taro

Taron unguwa na bayan la'asar magidanta maza ne ke cika shi, alhali ba su ne suka fi shiga filin ba. Masu shigarsa su ne 'yan ƙwallo, da yaran da ke lilo da iyayensu mata, da mai shayin da ya kafa teburinsa a kusurwa, da mai suyar awara, da 'yan hayar da ba a cika gayyata ba don ana ganin baƙi ne. A shirya wa mata nasu zaman a makarantar Islamiyya ranar Alhamis ko Juma'a da ba a karatu, mace ta jagoranta, mace ta rubuta. A sami kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin ƙwallo bayan atisaye. In unguwar ta haɗa Musulmi da Kirista ko ƙabilu daban-daban, a tabbata sunan da ake shawara a kai kowa zai iya kiransa ba tare da ya ji an fitar da shi daga filin ba. Abin da aka ji a waɗannan ƙananan zama a rubuta shi, a karanta a babban taro.

Mataki na 7: Babban taro da ƙuri'a

A ba da sanarwa aƙalla kwana 14 kafin ranar. A yi taron a cikin filin kansa in zai yiwu. Shugaban zama ya kasance wanda bai fito ya goyi bayan kowa ba, kuma ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba surukinsu ba ne. A gayyato dagaci ko wakilin hakimi da kansila su zama shaidu, amma a roƙe su da ladabi, "Ranka ya daɗe, muna so a bar naka jawabin sai ƙarshe," domin da zarar babba ya nuna inda ya karkata ba mai iya miƙewa ya saɓa masa.

A fara da karanta amsar hukuma ta Mataki na 2, sannan wakilin ƙungiyar ya yi bayanin aikinsu, a yi musu addu'a. Bayan nan a roƙe su su ɗan ba da wuri. Ba wulaƙanci ba ne. Mutumin da yaransa ke shan ruwan burtsatsen ba zai iya kallon idon wanda ya haƙa ta ya ce bai yarda ba. Kowane mai magana a ba shi minti 3, ana karɓa-karɓa tsakanin masu goyon baya da masu adawa, a sa yaro ɗaya riƙe da agogo.

Maganar addini za ta taso, gara ku shirya mata. Wani zai jawo aya ta 264 a Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ya ce neman suna riya ce. Wani zai mayar masa da aya ta 271 a surar, wadda ta ce in an bayyana sadaka madalla, in an ɓoye ta aka ba mabuƙata ya fi alheri, ya ƙara da cewa rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya yi waƙafinta a Madina har yau ana danganta ta da shi. Duka biyun suna da abin kamawa. Aikin liman a nan shi ne ya hana a shiga zuciyar mutane: niyyar masu taimako tsakaninsu da Allah ce, abin da ke gaban taro shi ne maslahar unguwa. Duk wanda ya fara kiran wani ɗan riya ko butulu, a karɓe lasifikar.

Wajen ƙuri'a ku guji ɗaga hannu. A raba 'yar takarda mai lambobin zaɓin, ko a jera kwalaye a bayan labule kowa ya jefa ƙwayar wake a wanda yake so, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. A amince tun kafin a fara wa ke da ƙuri'a. Shawarata ita ce duk baligin da ke zaune a unguwar, mai gida ne ko ɗan haya, namiji ko mace. Tsarin "gida ɗaya, ƙuri'a ɗaya" yana shafe mata da matasa. A kuma amince cewa cire tsohon suna gaba ɗaya sai ya sami kashi biyu bisa uku, sauran zaɓin kuwa rinjaye kawai ya isa. Abin da ke da wuyar mayarwa bai kamata a yi shi da ratar mutum biyar ba. A ƙirga a gaban kowa, a rubuta, shaidu su sa hannu.

Mataki na 8: A rubuta yarjejeniya

Ko allon godiya kawai aka amince da shi, a rubuta. In kuwa suna aka bayar, ko na sashe ko na filin duka, to takardar nan ita ce komai, kuma a nemi lauya ya duba ta. Unguwa ba ta rasa ɗa lauya da zai yi don Allah.

Abu na farko, wa'adi. Kada kalmar "har abada" ta shiga. Masu kallon ƙwallo sun san filin Arsenal yana amsa sunan Emirates ne bisa yarjejeniyar kuɗi mai wa'adi, wadda aka fara ƙullawa a 2004 na shekara 15, ake kuma sabuntawa. Wanda bai sa wa'adi ba shi ke shan wahala. A birnin New York, cibiyar Lincoln sai da ta biya iyalan Avery Fisher, wanda ya taɓa ba ta gudummawa aka karrama shi da suna, dala miliyan 15 kafin ta iya cire sunansa daga zauren kaɗe-kaɗenta, ta sa na David Geffen wanda ya ba da dala miliyan 100. Unguwarku ba ta da kuɗin fansar sunanta, saboda haka shekara 5 ko 10 ta isa, in an ga alheri a sabunta.

Na biyu, aikin da sunan ya rataya a kansa. A rubuta shi dalla-dalla: albashin mai gadi, kwashe shara sau nawa a mako, canjin batirin sola, gyaran famfo cikin kwana nawa in ya lalace. In aka yi wata 6 ba a cika ba, sunan ya faɗi da kansa ba sai an sake taro ba.

Na uku, kuma wannan shi ne ƙashin bayan takardar: suna ba mallaka ba ne. A rubuta ƙarara cewa filin yana nan na jama'a, ƙungiyar ba ta da ikon katange shi, ko karɓar kuɗin shiga, ko ba da hayarsa don biki, ko gina shago, ko hana wani taro, ko neman takardar mallaka a kansa. A haɗa da kwafin taswirar da ke nuna iyakokinsa.

Na huɗu, abin da zai faru in sunan ƙungiyar ya ɓaci, ko ta rushe, ko ta rikiɗe ta koma ta siyasa. Wannan ba mugun fata ba ne. Iyalan Sackler sun ba manyan gidajen tarihi na duniya maƙudan kuɗi, aka sa sunansu a bango. Da rikicin OxyContin, maganin kashe zafin ciwo na kamfaninsu da ya jefa mutane da yawa cikin jarabar shan sa, ya yi ƙamari a Amurka, gidan tarihi na Louvre a Faransa ya cire sunan a 2019, na Metropolitan a New York ya bi sahu a 2021. Ku ba kanku wannan ƙofar tun yanzu.

Na biyar, allon kansa: girmansa, inda za a kafa shi, abin da za a rubuta, da harshen da za a rubuta. A hana hoton mutum da tambarin jam'iyya. In da hali a rubuta da boko da ajami.

Mataki na 9: A kai wa hukuma, a sanar da kowa

Ku haɗa bayanin taro, da sakamakon ƙuri'a, da sa hannun shaidu, da yarjejeniyar, ku miƙa ta hannun kansila zuwa ofishin da aka gaya muku a Mataki na 2, tare da kwafi ga hakimi. Kada a kira mai fenti sai amincewa ta fito a rubuce. Kwafi ɗaya ya zauna wajen mai unguwa, ɗaya wajen sakataren ƙungiyar unguwa, a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp, domin takardar da ke hannun mutum ɗaya takan ɓata ranar da aka fi buƙatarta.

In sakamakon bai yi wa masu taimako daɗi ba, kada su ji shi a bakin 'yan gulma. A daren ranar dattawan da suka fara zuwa wajensu su koma, su gaya musu da bakinsu, su kuma zo da tayin abin da unguwa za ta yi: walimar godiya, takardar yabo daga hakimi, allon dutse, gasar ƙwallon shekara-shekara da kofin zai ɗauki sunansu. In duk da haka suka ce sun janye hannunsu, a yi musu godiya a kan abin da ya gabata, kada a mayar da martani a rediyo ko a Facebook. Washegari kwamiti ya zauna ya lissafa abin da kula da filin ke ci a wata, a raba shi a kan gidaje da shagunan da ke kewaye, a naɗa ma'aji da mai binciken kuɗi, a fara karɓa daga ƙarshen watan.